Kebul Mai Haƙora Tara

Shamsuddeen ya hure ƙurar da ke bakin soket ɗin, ya cusa kan kebul mai haƙora tara, ya ɗaure 'yan kusoshinsa biyu. Ɗaya kan yana jikin 'yar kwamfutar da ke tafin hannunsa, wadda ba ta fi sabulun wanki girma ba.

Gonar inabin Hajiya Rumaisa ce, a bayan Hunkuyi. Famfuna huɗu ke shayar da ita, dukkansu suna karɓar wuta daga wani akwatin ƙarfe da aka dasa a bangon ɗakin inji. Fuskar akwatin da soket ɗin suna waje, makunnan hannu suna ciki. Shekara tara Malam Tukur, wani dattijo mutumin Saulawa, yana murɗa makunnan nan safe da yamma.

Hajiya dai ta gaji da shi. Irin mutanen nan ce da duk abin da ke da gilashi mai haske ya fi mai gemu hankali a wurinsu. Dokokinta sun fi itatuwan gonar yawa: ba a yi mata gardama, ba a zama tana tsaye, ba ta ɗaukar mutum biyu daga gida ɗaya, wai haɗa baki suke yi. Sharaɗin ranar kuwa a fili ta faɗe shi. In akwatin ya bi umarnin saurayin nan, wanda ya shekara uku yana yawo da takardun kwaleji a jaka, ya zama injiniyan gonakinta na nan da na Makarfi. Tukur kuma ya naɗe tabarmarsa.

A gaban Tukur ɗin ta faɗa, ko kunyar furfurarsa ba ta ji ba.

Shi ma tsohon bai taimaki kansa ba. Da saurayin ya iso ya durƙusa ya gaishe shi, bango ya kalla ya amsa da "lafiya" guda ɗaya tak. Ko sunansa bai tambaya ba. Ga shi ranar Talata ce, amma ya sha rigarsa ta Juma'a har da guga.

"Hassada ke nan," in ji Hajiya. "Ko kwalliyar sallama ka yi mana, Tukur?"

Tukur ya tsaya yana kallon kebul ɗin da aka cusa a soket, kallo mai tsawo, har fuskarsa ta canja. Sai ya ce rana ta dame shi, ya shige ɗakin inji ya turo ƙofa. Hajiya ta yi tsaki, ta ce ya je can ya yi kukansa.

Shamsuddeen ya saita saurin layin a kan dubu tara da ɗari shida, ya aika gaisuwar farko ga akwatin, ya jira amsa. Gilashin kwamfutar bai nuna komai ba. Ya sake aikawa. Shiru. Gumi ya tsattsafo masa a ƙeya, ya tuna ofisoshin da aka ce masa ya dawo wani wata.

"Ka riƙa faɗa da ƙarfi," in ji Hajiya, ta ɗaga wayarta tana ɗaukar bidiyo. "Ƙawayena na Kaduna za su gani."

Ya yi bisimilla a zuci. "Famfo na ɗaya, tashi." Ya danna.

Aka yi kamar numfashi guda, sai famfon ya yi gurnani, ruwa ya fara bin siraran bututai yana ɗiga a gindin inabi. Ya kira na biyu, ya tashi. Na uku da na huɗu ma haka. Hajiya, da ke ganin duk duniya babu mai wayonta, ta ce a birkita lissafin: kashe na uku, bar na biyu, tayar da na ukun kuma. Yana faɗa yana dannawa, akwatin yana bi.

Har aka gama gilashin bai nuna amsa ko ɗaya ba. Shamsuddeen ya lallashi kansa da cewa tsofaffin akwatuna haka suke, suna ji ba sa magana.

Hajiya ta ƙwala wa Tukur kira. Ya fito sharkaf da gumi, rigar Juma'ar ta manne masa a baya.

"Ka ga abin da ka shekara tara kana mana yanga da shi? Ga abu kamar sabulu ya yi. Ajiye makullan ɗakin injin."

"Allah ya sa albarka, Hajiya," in ji shi, ya ajiye.

Saurayin ya sunkuyar da kai, ya kasa ɗagowa. Hajiya ta yaba da tarbiyyarsa, ta ce da gani ɗan manyan mutane ne, ba irin waɗansu ba.

Bayan la'asar Tukur na bakin titi da ƙullin kayansa, yana jiran motar da za ta rage masa hanya zuwa Ikara. Shamsuddeen ya tsayar da babur, ya sauka, ya durƙusa a gefensa. Tsohon ya zuba wa gonar raken da ke tsallaken titi ido.

"Wannan, gobe ka riga Hajiya zuwa, ka taho da dalma da siraran wayoyi ka gyara akwatin," in ji shi. "Bayan soket ɗin nan fayau yake. Tun bara na tsinke wayoyin na ɗaure rassan inabi da su. Ban san suna da amfani ba sai yau da na ga ka cusa abin nan."

"To, famfunan fa?"

"Ai muryarka na shigowa ta taga."

Shamsuddeen ya dubi yatsun tsohon, da makunnai suka yi wa kanta, idonsa ya cika. Tukur kuwa har motar ta tsaya bai juyo ba, bai kuma ambaci sunansa ba, don a Saulawa mutum ba ya kallon ɗan farinsa ido da ido.