Laraba Ta Wanke Allon Ustaz

Kafin kowa a unguwar Alsawra ya ji, ni na ga Laraba tana wanke allon da Ustaz Abdulmun'im ya cika da dokokin waƙafin Turanci. A kansu jikanta Ilyasu ya faɗi jarrabawa. In ya sake faɗuwa, soja za su kwashe shi zuwa yaƙin kudu. Ta ɗura masa ruwan kamar rubutun sha.

"Jahilci, Hajja," Ustaz ya yatsina fuska. "Alli ne fa."

Ilyasu ya ci jarrabawar.

Da jarrabawa ta zagayo, sai ga Ustaz a ƙofarta da ɗansa da allonsa.

"Wanke da kanka," in ji ta. "Mu jahilai ne."

Mai musu ya zo in kai shi gaban Ustaz ya tambaya.