Likkafanin Mahaifiyar Ammu Rashid

Wataƙila shekaru sun gauraya mini wasu abubuwa, amma yammacin nan ina jin na riƙe shi. Ina 'yar shekara tara, a shagon ɗinkin Ammu Rashid, wato Kawu Rashid, da ke layinmu a unguwar Mansur, can ƙasa mai tsarki. Ɗan ƙabilar Bihari ne. Iyayensa sun bar Indiya, yaƙi ya bar su a sansanin gudun hijira a Dhaka, ƙasar da suke ciki ba ta ɗauke su nata ba, Pakistan kuma ba ta karɓe su ba. Shi kansa ba shi da fasfon da zai koma da shi.

Ranar yana ninke likkafanin da ya jiƙa da Zamzam ya shanya, don mahaifiyarsa da ke kwance can Dhaka ba lafiya. Har yau ina jin ƙamshin kafur ɗin. Babana, Malam Isa, mai dakon kayan alhazai a tashar Kudai, ya kawo takardar aika kaya.

"Ke 'yar makaranta, cike mana," in ji Baba.

Na rubuta sunaye, sai na tsaya. "Ammu, a gurbin ƙasar mai aikawa me zan sa?"

Ya yi murmushi. "Bar wurin haka, ya binti, 'yata. Ƙasa uku na tambaya, ba wadda ta amsa."

Baba ya ce, "Ba a barin gurbi. Rubuta maƙwabcin Malam Isa."

Haka na rubuta. Ina kewar layin nan. Ban sani ba ko saƙon ya riski mahaifiyar Ammu da rai. Duk wanda ya zauna tare da mu ya gyara mini inda na kuskure, ya kuma gaya mini ko ya isa.