Dajin da Baba Ya Sani

"Ƙashin kifi ne ko?" in ji Baba, yana karkata kai a gaban ƙaton hoton.

Ni na matsa masa ya rako ni baje kolin hotunan da aka ɗauka daga sama. Shekara ashirin ke nan yana tuƙa wata jar motar ɗaukar katako.

Mai hoton ta matso. "Daji ne, Baba. Dogon layin nan hanya ce, farin kuma duk inda aka sare ne."

Da ta faɗi sunan dajin, sai ya yi dariya. "Haba 'yata, kin ruɗe. Jiya-jiyan nan na ratsa shi. Bishiyoyi dama da hagu, ko rana ba a gani."

"Layi bibbiyu na bishiyoyi ake bari a bakin hanya," ta ce a hankali. "Bayansu babu komai."

Baba ya dube ni, ya dube ta. Ya bi hanyar da yatsa har ya tsaya kan wani jan ɗigo.

"To wannan fa?"

Na duba da kyau. Motarsa ce, shaƙe da gumagumai.

"Ni fa a bakin hanya ake min lodi," ya ce, ba da kowa yake ba.