Shinkafar Bakin Teku

Daga lomar farko ya san ya kwafsa. Shinkafar ta huce, miyar lami, kifin kuwa ko tafin hannun autarsu bai kai ba. Shi da yake wuni cikin kwandunan attaruhu a kasuwar Mile 12, yau ga shi ya kwaso iyalinsa a motar haya ta danfo tun daga Agege zuwa gidan abincin bakin teku, su ci abin da ko ƙamshin barkono bai ji ba.

"Ya kuka ji abincin?" ya tambaya, idonsa na kan ruwa.

"Wallahi da daɗi, Maigida," in ji matarsa. Yaran suka gyaɗa kai, suna haɗiya da ƙyar.

Kunya ta kama shi. A hankali ya zaro ƙullin yajin da ya ɓoye a aljihu tun daga gida, ya miƙa mata ta ƙarƙashin tebur, kada ma'aikatan wurin su gani.

Hannunsa ya ci karo da nata. Ashe ita ma miƙo masa take yi, kuma ƙullinta ya fi nasa girma.