Mai Waina a Motar Suruki

Ki ji misalin wata mai waina, dattijuwa mai kamun kai, wadda ko tari ba ta yarda ta yi a gaban surukai. Ciwo ɗaya ne ya sa ta gaba, irin wanda mata ke rufewa da zane: fitsari ba ya barin ta sakat. Ta zuba ƙullu a tanda ke nan sai ta ji ya matso, ta zari buta a guje, ta tsuguna ta yi ta nishi, abin da zai fito bai cika ludayi ba. Ta dawo ta tarar waina ta ƙone, marar kuma tana nan da nauyinta kamar ba ta je ba. Maƙwabciyarta mai koko ita ma ta sha zaryar bayi, amma ita ta je asibiti, aka duba ta aka ba ta ƙwayoyi, ta samu sauƙi har tana wuni a gidan biki. Mai waina kuwa ta ce Allah ya kiyaye ta kwance zane a gaban likitan da ta haifi kamarsa.

Ana nan sai 'yarta da ke aure a wani gari mai nisa ta haifi tagwaye. Mijin ya aiko cewa shi da kansa zai zo da mota ya ɗauke ta, ta je ta riƙe jego. Gida ya ɗauki murna, ita kuwa ta shiga tunani, don tafiyar wuni ce. Da wane baki za ta ce wa mijin 'yarta, mutumin da ko sunansa ba ta kamawa, ya tsaya ta zagaya, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba? In kuma ta yi shiru, ta jiƙa masa kujera? Mutuwa ta fi mata wannan sauƙi. Sai ta leƙa ta katanga ta faɗa wa mai koko damuwarta. Ita kuwa baiwar Allah, don tausayi, ta ɓallo mata daga cikin ƙwayoyinta, ta ce ai ciwon nasu ɗaya ne, gudu ɗaya suke yi. Mai waina ta fara sha tun kafin ranar, da safiyar tafiya kuma ta ninka, don a ganinta abin da ɗaya ta yi, biyu sai ta fi.

Ta shige bayan mota ta ja mayafi. Da azahar surukin ya tsaya salla a wani ƙauye, ta ce alhamdu lillahi a ranta, ga dama ta samu ba tare da ta buɗe baki ba. Ta ɗauki buta ta zagaya, ta tsuguna. Shiru. Ta yi nishi har idonta ya kawo ruwa, ta tsiyayar da ruwan butar a ƙasa ko ƙararsa za ta janyo shi, ko ɗigo bai zo ba. Nan tsoro ya fara kama ta, amma ta ji an sallame, sai ta gyara ɗauri ta koma mota. Daga nan duk ramin da taya ta faɗa, a mararta take jin sa. Marar ta kumbura ta yi tauri kamar an kife ƙwarya, ta sassauta zane a ɓoye, bakinta ya bushe ƙamas, gumi kuma na bin bayanta. Surukin ya dube ta ta madubi ya ce, "Inna, lafiya dai ko?"

Ta ce, "Lafiya lau, ɗan nan. Mu dai je."

Ta cusa bakin mayafi tsakanin haƙoranta ta cije. Haka ta daure har la'asar, sai motar ta daki wani tudu, wani nishi ya ƙwace mata wanda ba ta san nata ba ne. Bai ƙara tambayar ta ba, ya karya kan mota sai asibitin garin da ke gabansu. Ko fitowa ta kasa, sai da aka tallabo ta. Ma'aikaciyar jinya kuwa ba ta san wata kunyar suruki ba, da babbar murya ta shiga tambayar yaushe rabonta da fitsari, tun yaushe take wannan zarya, me ta sha, wa ya ba ta. Dole ta amsa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana tsaye bakin ƙofa riƙe da takalmanta, kansa a sunkuye.

Aka sa mata robar fitar da fitsari, abin da ya fito ya ba ita kanta tsoro. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da ya taɓa ƙoda. Ya yi mata bayani cewa maƙwabciyar tata mafitsararta ce mai azarɓaɓi, hanya kuwa a buɗe take, shi ya sa aka ba ta abin da zai kwantar da ita. Ita kuwa hanyar ce a matse, mahaifa ta sauko ta danne ta, mafitsarar ba ta taɓa juyewa duka, kullum a cike take tana neman mafita. Ɗan ƙarfin da take turawa da shi, shi ƙwayoyin suka kashe.

A gadon asibiti ta yi sunan jikokinta. Surukin da ta gwammace ta mutu da ya ji ta ce a tsaya, shi ya yi ta zaryar sayo mata robar canji, yana miƙawa ta bayan labule. Daga nesa ciwonsu ɗaya, ita da mai koko, amma tun da can Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.