Gangar Hifni

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Oktoba, 1966, da ƙarfe tara da kwata na safe, wani mutum ya yi sallama a ƙofar Rayis Dardir, shugaban makaɗan ƙauyen Naga Sawaki, rataye da sabuwar ganga. Ya kai shekara arba'in. Ya ce sunansa Hifni, daga tashar jiragen ruwa ta Suwez yake, kuma yana so ya iya kiɗa kafin Alhamis ta sama.

Alhamis ta sama ce ranar bikin Shaddad, autan Hajji Bakhit. Dardir na neman mai ganga na uku, don haka bai yi dogon bincike ba.

Ya miƙa masa gula mai kauri a hannun dama, siririyar tsumagiya a hagu. Hifni ya damƙe gular har jijiyoyin hannunsa suka tashi.

"Kai, ɗan birni, jaki za ka kora?" in ji Dardir. "Babban yatsa da manuni su ne masu riƙo. Sauran ukun 'yan rakiya ne. Sassauta, ka bar ta ta dawo da kanta."

Hifni ya ce to, ya sake damƙewa.

Haka suka yi kwana biyar a inuwar dabino. Dardir ya ɓamɓare masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya gyara masa zaman tsumagiya a kan bakin ganga, ya buge masa wuyan hannu in ya sandare. Tafin Hifni ya yi bororo, bororon ya fashe, bai taɓa cewa a huta ba. Abu ɗaya yake yawan tambaya: a ina masu ganga ke tsayawa in an iso gaban manya?

Gangar ma ta dami tsohon. Fatarta mai kyau ce, igiyoyinta a ɗaure tamau, amma muryarta a shaƙe take. Sau ɗaya ya ɗaga ta. Ba ta fi tasa nauyi ba. Hifni ya karɓe ta da sauri, kuma tun daga ranar ko alwala zai yi tana gefensa.

Ranar Lahadi Zaki mai algaita ya zo shan shayi, ya daɗe yana kallon ɗalibin, sannan ya ja Dardir bayan turken saniya.

"Rayis, idonka ya mutu ne ko hankalinka? Cire gemun nan ka duba. Ɗan gidan Gadalla ne. Shi ya harbe Fawwaz a rikicin ruwan gona."

Fawwaz shi ne babban ɗan Hajji Bakhit. Shekara shida ke nan da binne shi, kuma Hajji bai karɓi gaisuwar mutuwa ba har ranar, domin ba a rama jinin ba. Sau uku dattawa suka roƙi a bar gidan Gadalla su zo neman gafara yadda aka gada, mai laifi ya iso gaban jama'a da likkafaninsa a tafin hannu, wanda ya iso haka kuwa ba a isa a ƙi yafe masa ba. Sau uku Hajji ya ce duk wanda ya tako daga gidan nan a harbe shi tun daga gadar da ke kaiwa gidansa. Yanzu ɗa ɗaya ya rage masa. Kuma a duk ƙauyen, makaɗi ne kaɗai ke ƙetare gadar nan ba a kalli fuskarsa ba.

Dardir ya yi tunanin korarsa, ya tuna akwai wasu makaɗan a garin Kina da za su ɗauke shi. Ya yi tunanin faɗa wa Hajji, ya tuna cewa maganarsa hukuncin kisa ce. Sai ya riƙe fata guda: mutumin da hannunsa ke sandarewa haka tsoro ne ya cika shi, mai tsoro kuwa yakan fasa mugun nufinsa.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka fito da ango a kan doki. Suka ƙetare gada, algaita a gaba, ganguna uku a baya, mata na guɗa daga saman katanga. Dardir ya waiga ya dubi hannun ɗalibinsa.

Gula na kwance tsakanin yatsa biyu, sakayau, tana faɗawa tana dawowa da kanta. Wuyan hannun ya yi laushi. A shekara hamsin na koyarwa Dardir bai ga riƙo mai kyau kamarsa ba. Nan take ya gane. Tsoron ya tafi ke nan, mutumin ya gama shawara.

Ya matsa kusa da Ugail, ƙanin Hajji, wanda ke tafe da bindiga a kafaɗa, ya yi masa raɗa. Kalma shida ce kacal.

A gaban rumfar manya, taku huɗu daga ango, Hifni ya daina kiɗa. Ya durƙusa, ya ajiye gula da tsumagiya a jere, ya zaro 'yar wuƙa ya tsage fatar gangarsa. Ya ce, "Ya Hajji," ya cusa hannu ciki.

Ugail bai jira sauran maganar ba.

Da ƙarfe biyar da rabi taro ya watse. Waɗanda suka rage a filin su ne Hajji Bakhit, a zaune, ya kasa tashi. Shaddad, ko ƙwarzane babu. Ugail, da bindigarsa a ƙasa. Zaki, wanda ya rufe wa gawar Hifni ido. Rayis Dardir, wanda bai sake taɓa gula ba har ya bar duniya. Sai abin da hannun Hifni ya kamo daga cikin ganga, farin likkafani sabo a ninke, an yanka shi daidai tsayinsa.