Ranar Da Mamuda Ya Cire Salansa

Da hannunsa Mamuda ya kwance salansar da ke rage ƙarar injinsa ya jefa ta bayan rumfa. Ba lalacewa ta yi ba. Wani mai suna Sambo ne ya buɗe nasa injin casar shinkafa a layin gaba, nan cikin Talata Mafara, sati biyu kacal ya janye rabin masu kawo aiki.

Mamuda ya gano dalili. Matan unguwa masu turara shinkafa ba sa ɗauko buhu su fito sai sun ji inji ya tashi, gudun kada su sha wahala su tarar babu gas. Wanda ƙararsa ta riga shiga gidaje, shi ke samun layi. Washegari injin Mamuda ya saki wata tsawa da ta sa awaki tsinke igiya. Kafin hantsi buhuna sun tare ƙofa.

"Wanga shi ne talla," in ji shi yana dariya. "Sambo ya tai ya sawo lasifika in shina iyawa."

Rumfar kwano ce, ƙofa ɗaya, babu taga. Tun safe har la'asar yana ciki, kansa dab da inji. Maƙwabta suka yi ƙorafi, liman ya aiko sau biyu. Mamuda ya ce sana'a yake yi, ba kiɗan biki ba.

Wata shida kunnensa ya fara kuka kamar gyare ya shige ciki. Matarsa Ikilima ce ta fara lura.

"Malam, sau uku ina yi maka sannu da zuwa."

"Mi?"

"Na ce sau uku ina gaishe ka!"

"To ki buɗe baki mana, kina magana kamar amarya."

"Baki a buɗe yake. Kunne ne a rufe."

Da ƙyar ta ja shi asibiti. Nas ɗin da suka samu, Justina, ta tsaya bayansa ta kira sunansa a hankali. Bai juyo ba. Ta zagayo gabansa.

"Malam Mamuda, abin da ya tafi ba ya dawowa, amma ana iya tsare saura. Ka mai da salansa, ka huda taga, ka sayi abin toshe kunne. Ka riƙa fita waje kana hutawa."

"Sista, in na toshe kunne, da mi zan ji in inji ya canza murya?"

"In ka ci gaba a haka, ko ashar ya yi maka ba za ka ji ba."

Ya ce bari kaka ta wuce. Kaka ta wuce, shinkafar rani ta shigo. Ita ma ta wuce. Haka aka ci shekara uku.

Ya koyi kallon leɓe. In bai gane ba sai ya gyaɗa kai ya ce haka ne. Akwai ranar da aka faɗa masa rasuwar wani maƙwabci, ya washe baki ya ce madalla. Tun daga nan abokan zama suka rage jan sa da hira.

Wata Alhamis da hantsi, ƙanensa Isma'ila ya faɗo rumfar a kan babur daga Bakura, ya kashe injin da kansa.

"Yaya! Kira tara na yi maka! Jikin Inna ya yi tsanani, kai take nema!"

Wayar tana aljihun Mamuda.

Kafin azahar suka isa Bakura. Ɗakin cike da dangi. Ƙanwarsu Surayya ta ce tun safe Inna ta ƙi faɗa wa kowa abin da ke ranta, ta ce magana ce tsakaninta da babban ɗanta.

Mamuda ya durƙusa. Inna ta kamo wuyan rigarsa, ta jawo kansa har leɓenta ya taɓa kunnensa, ta fara raɗa. Ɗumin numfashinta kawai yake ji. Ya juya ɗaya kunnen. Duk ɗaya. Ya yi ƙoƙarin ɗago kai ya kalli bakinta, ta ƙara riƙe shi. Ta daɗe tana magana. Da ta gama ta matse hannunsa, ta zuba masa ido tana jiran amsa.

"To, Inna," in ji shi.

Ta saki rigar, fuskarta ta kwanta. Kafin la'asar Inna ta cika.

Da aka dawo daga maƙabarta, Isma'ila da Surayya suka ja shi zaure. Isma'ila ya ɗaga murya.

"Yaya, mi ta ce?"

"Ban ji ba."

"Ko kalma guda?"

"Ko guda."

Surayya ta dafe ƙirji. "Amma ka ce mata to, Yaya. Mu duka mun ji ka."

Mamuda ya kalli leɓenta, ya gane abin da ta faɗa sarai. Ya sunkuyar da kai. Ya ɗaukar wa mahaifiyarsa alkawari, kuma duk duniya babu mai iya gaya masa ko na mene ne.

Mai karatu, ƙara ba ta kurmanta mutum rana ɗaya, kaɗan kaɗan take ci har ta cinye. Ka rage ƙarar injinka, ka kare kunnenka da na maƙwabcinka tun kana ji, don in ji ya tafi babu kasuwar da ake sayo shi.